Bagudu da Katin Kwamfutar Yayansa

A garinmu, kusa da Zariya, an yi wani mutum wai shi Bagudu. Ya haura arba'in, ba mata ba ɗa, yana zaune a gidan yayansa Malam Jatau da matar yayan, Gwamma. Bagudu ba mahaukaci ba ne. Abin da ka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, in ka yi sake da bakinka kai ka jiyo. Asalinsu mutanen Unguwar Ɗinya ne, ƙauyen da ruwan dam ya shanye, jama'arsa suka watse. Da Malam Jatau ya bar aikin malamin gona, sai aka sallame shi da tsohuwar kwamfutar ofis, irin na farkon nan masu nauyin tsiya da koren rubutu. A cikinta ya shekara da shekaru yana rubuta littafin ƙauyensu: gonaki, rijiyoyi, waƙoƙin niƙa, wanda ya haifi wane. Tsofaffin da ya jiyo daga bakinsu duk sun mutu. Ban da cikin injin nan, babu inda Unguwar Ɗinya ta saura.

Wata rana da bazara Malam Jatau zai tafi ta'aziyya, ya ce, "Bagudu, injin nan ba ya son zafi. Ka kula ya zauna da sanyi." Bagudu ya ce, "To, Yaya." Abu ɗaya ya sani mai zama da sanyi a gidan, wato randa. Ya jiƙa buhu sharkaf ya naɗe kwamfutar, yana yi yana yayyafa mata ruwa. Da Malam ya dawo ya kunna, sai tartsatsi da warin ƙuna. Ya zauna daɓas a ƙasa, ko faɗa bai iya yi ba, kuma ni ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa irin na ranar ba.

Wata rana aka ɗauko Lawandi mai gyara daga Zariya. Ya buɗe cikin injin ya ce akwatin wuta ne ya ƙone, rubutu na nan. Ya nuna wani ƙarfe kamar bulo ya ce shi ne faifan ajiya, ya nuna wani koren kati da aka jona masa da faffaɗar waya. "Malam, katin nan shi ya shata wa faifan layukansa tun farko, kamar kunyoyi a gona, shi kaɗai ya san yadda ya ja su. In aka sa wani kati, ko harafi ɗaya ba za a gani ba. Kada a raba su. Duk inda faifan ya je, katin ya bi shi." Malam ya gyaɗa kai, hankalinsa na kan akwatin wuta. Bagudu kuwa yana tsugune a bakin ƙofa, ya haɗiye maganar ɗungurungum.

Wata rana aka ba Bagudu ƙonannen akwatin aka ce ya je Zariya ya sayo irinsa sak. Ya je shagon Lawandi, aka nuna masa mai kyau, ya shinshina ya ce ba shi ba ne. Ya yini yana zaga kasuwa har ya samo wani ƙonanne, da baƙin tabonsa da warinsa, ya dawo yana murna. Gwamma ta ce, "Wayyo ni Gwamma, me ka kwaso mana?" Ya ce, "Irinsa sak, shinshina ki ji." Sai da Malam ya tafi da ƙafarsa, ga shi lokacin tari ya fara cin ƙarfinsa.

Wata rana ciwo ya kwantar da Malam Jatau. Ya kira ƙanensa ya ce, "Kada kowa ya taɓa injin nan sai na tashi." Bai tashi ba. Aka kai shi, aka yi sadakar bakwai, aka yi ta arba'in, Bagudu na zaune a ƙofar ɗakin injin da sanda. Gwamma ta ce masa cikin kuka, "Bagudu, yayanka fa ba zai tashi ba." Ya ce, "Shi ya ce sai ya tashi." Wannan karon ba wanda ya yi masa dariya, tausayi ya hana.

Wata rana Sallau, ɗan marigayin da ke aiki a Kaduna, ya zo da niyyar a buga littafin ubansa. Ba ya nan ranar da Lawandi ya yi gargaɗi. Ya sa aka aiki Bagudu gona, ya kwance faifan ya sa a jaka ya nufi Zariya, gangar injin kuma ya bai wa mai sayen gwangwan don a huta da gadin baffansa. Bagudu ya dawo ya tarar da ɗaki wayam, Gwamma ta gaya masa Sallau ya tafi Zariya da faifan, mai gwangwan kuma ya tura gangar a baro. Ya bi sawun baro har bayan tasha, ya afka wa kayan mutumin. Tun da Yaya ya ce kada a taɓa, sai ya naɗe hannunsa da bakin riga, ya zaro katin bai taɓa shi ba. Mai gwangwan ya yi ihun ɓarawo, 'yan tasha suka yi wa Bagudu lilis. Ya tashi da fasasshen leɓe, ya kama hanyar Zariya a ƙasa, katin na cikin hularsa.

A can shago Lawandi ya ce wa Sallau, "Ina katinsa?" Sallau ya ce katin ya tafi da gwangwan. Lawandi ya yi salati. Ya gwada katunan da yake da su ɗaya bayan ɗaya, allon kwamfuta ya ƙi nuna komai. Ya ce, "An daina yin irinsa. Sai dai haƙuri, aikin mahaifinka ya tafi." Sallau ya kwana a Zariya, ya dawo da safe ya roƙa a sake gwadawa, bai san ma me yake jira ba.

Suna cikin haka sai ga Bagudu, ƙafa a kumbure, jini ya bushe a gemu. Ya tuɓe hula ya miƙa wa Lawandi, katin na ciki. "Kai ka ce duk inda faifan ya je katin ya bi shi. Ga shi ya biyo shi."

Lawandi ya jona su a wani tsohon inji. Faifan ya yi gurnani, koren rubutu ya cika allo. Sallau ya fara karantawa da ƙarfi: "Ni Jatau ɗan Barmo, a Unguwar Ɗinya aka haife ni, gabas da rijiyar Kaka, a ɗakin da aka haifi ƙanena Bagudu."

Bagudu ya karkata kai yana saurare, don kuwa haka yayansa ke jera magana, ba ko shakka. Ya goge ido da bakin riga, ya dubi Sallau.

"Ashe ya tashi. To, yanzu ku taɓa."