Rasuwar Filon da Ya Sha Allurar Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai ɗan samun sauƙi, iyalan gidan nan ke sanar da rasuwar dogon filon ɗakin Auta, wanda aka fi sani da Baba Majinyaci.

Marigayin ya yi ƙuruciyarsa a matsayin filo kawai. Ya shiga aikin lafiya ne bara, bayan Auta ta gama makarantar jinya ta faɗi jarrabawar lasisi. Ta ci ta rubutu. A ta gwaji ce aka kwantar mata da mutum-mutumin roba, ta soka masa allura cikin ƙwarewa, ba gaisuwa, ba neman izini. Mai jarrabawar ta ce roba ma tana da haƙƙi. Asibitin da ya ɗauki Auta ya ce zai riƙe mata gurbi zuwa zama na gaba, daga nan kuma a ba wani.

Sai ta nemi masu sa kai a gida. Babanta ya tuna yana da taro. Yaya ya koma sa riga mai dogon hannu. Marigayin ne kaɗai bai tashi ba.

Tun daga ranar, kowace safiya Auta ke gaishe shi, ta faɗa masa sunanta, ta bayyana abin da za ta yi masa, ta jira amincewarsa. Mama ta taɓa tsayawa a bakin ƙofa tana sauraro, daga baya ta kira ƙanwarta a waya suka tattauna cikin ƙasa da murya. An ɗaure shi da bandeji, an juya shi hagu da dama, an ɗura masa ruwan famfo ta kowace kusurwa. Bai taɓa tambaya ko za a ji zafi ba. Abin da aka taɓa ji daga bakinsa shi ne “fusss”.

Ruwan ne ya zama ajalinsa. Ya fara nauyi, ya yi baƙi-baƙi, sai wari. Ana gobe jarrabawa, Auta na danna masa ƙirji don ceto numfashinsa, ɗinkinsa ya ɓalle. Ta kammala dannawar yadda littafi ya ce, sannan ta share audugar.

Bai ga sakamako ba. Auta ta ci. An ce robar ba ta taɓa shan gaisuwa irin ta ranar ba.

Ya rasu ya bar katifa ɗaya, rigunan filo biyu, da damatsan mutanen gida waɗanda ya tsare da jikinsa.

Za a fitar da shi gobe da safe idan motar shara ta zo. Ana shawartar masu zuwa ta'aziyya su rufe hannuwansu, domin yanzu akwai lasisi, babu filo. An riga an sa shi a buhu. Kafin ta ɗaga shi, Auta ta durƙusa ta nemi izininsa, kuma kamar kullum, bai ƙi ba.