Ƙunshin da Ya Tsare Ni a Yamai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da yatsuna goma suka kunyata ni a bainar jama'a ba. Shekara ashirin da shida ina koyarwa a lakkol a Mayahi, har na zama diraktiris, wato shugabar makarantar, kuma duk unguwarmu in takarda ta gagari mutum, ƙofata ake bugawa. Ashe gwano ba ya jin warin jikinsa.

'Yata tana aure a Gabon, inda mijinta ke kasuwanci. Da cikinta na fari ya tsufa, kamata ya yi ta dawo gida wanka, amma likita ya hana ta doguwar tafiya. Aka yanke ni zan je in yi mata wankan jego, don ba ta da kowa can sai maƙwabta. Duk sanda muka yi waya sai ta ce, "Inna, don Allah ki iso kahin ranar, tsoro nike ji." Ni kuwa in ce, "Ke, kwantar da hankalinki, fasfo gare ni tun Umra."

Fasfon yana nan kuwa a ƙasan akwati, naɗe cikin ɗankwali, yana ƙamshin turaren wuta. Tun da na dawo ban sake buɗe shi ba. Sai da surukina ya ce in aika masa hoton shafin farko don neman biza, sannan ya kira ni cikin ladabi: "Inna, wata uku ya rage mai. Ba su ba da biza sai da saura wata shida." (Na so in yi gardama, don gardama ce sana'ata ta biyu, amma ga kwanan wata nan ɓaro-ɓaro.) Dole in tafi Yamai a sabunta, a ɗauki hoto da zanen yatsu. Saura sati shida haihuwa, in aka yi sauri za a kai.

Nan shaiɗan ya shigo mini ta ƙofar kwalliya. Hoton tsohon fasfon ya daɗe yana ba ni haushi, na fito kamar wadda aka kama da akuyar sata. Na ce wannan karon sai na fito mutum. Ana jibi tafiya aka yi bikin 'yar ƙanwata a Kanan-Bakashe, aka kawo mai ƙunshi, na miƙa mata hannu na ce ta cika. Ja a tafi, baƙi a kan yatsu, irin wanda ake maimaitawa sau uku har ya yi siɗik. (Kada a tambaye ni me ya haɗa hoton fuska da hannu. Ni ma har yau ban sani ba.)

A ofishin fasfo na tarar da layi. Kusa da ni wata tsohuwa ce daga El Alasan Mairairai, za ta duba ɗanta a waje, takardunta cikin leda duk sun cukurkuɗe. Na karɓa na jera mata, na zaro bik ɗina na rubutu na cike mata, ina yi ina ɗaga murya don sauran matan su amfana. "Iya, tahiya waje ba zuwa kasuwar ƙauye ba ce, komi sai da shiri." Ta ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata." Ina ta juya hannu a iska don a ga ƙunshin.

Tsohuwar ce ta fara shiga. Ta ɗora yatsunta kan gilashin injin, wuta ta yi kore, shi ke nan. Na matso na ɗora nawa, wuta ta yi ja. Saurayin da ke kan injin ya goge gilashin, na sake, ja. Muka koma hagu, ja. Ya juya tafina ya duba, sannan ya ɗago ya ƙura mini ido.

"Madam? Ba ku ne diraktiris ta Mayahi ba? Ni ne Sanusi. Ku ne ke duba muna hannuwa kowace sahiya da rula."

Abokan aikinsa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Matan da na gama yi wa lacca duk suka miƙo wuya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban waiwayo ba.

Ya rage murya ya ce, "Ku yi haƙuri, Madam, lallen ya ruhe zanen, injin bai gani. Sai ya dushe. Ku ba shi sati biyu."

Na ce, "Ɗana, ƙanwarka na gab da haihuwa, ita kaɗai a ƙasar mutane." Wallahi na ga tausayi a idonsa, ya sake gwadawa har sau biyar, amma inji bai san diraktiris ba. Tsohuwar nan ta dafa ni ta ce, "Kar ki yi kuka, ɗiyata. Ni hannun surhe ne, shi ya sa. Ki samu lemun tsami da toka."

Da na yi haƙurin sati biyun, da na tsira. Ina! A gidan 'yar uwata da na sauka na haɗa lemun tsami da toka da sabulun wanki, na ƙara da dutsen goge kaushi, na dirje yatsun nan har fata ta saluɓe. Kwana biyar na koma ofis da gadara. Sanusi ya duba ya ce, "Madam, yanzu kuma zanen ne kuka goge." Sai da na yi sati uku cur a Yamai ina jinyar yatsu kafin wuta ta yi kore. Ga jiran fasfo ya fito, ga jiran biza.

Ina cikin jiran ne surukina ya kira: an sauka lafiya, an samu mace. Wata maƙwabciyarsu 'yar Togo ce ta yi mata wankan, ina koya mata ta waya yadda ake dafa ruwa da dama kunun kanwa. Da aka ba 'yata wayar ta ce, "Ba komi, Inna. Amma da aka shiga da ni ɗakin haihuwa, ƙohwa nike ta kallo." Maganar nan ta soke ni, na yi kukan da ban taɓa yi ba. Kuma don rashin ta ido na ce mata aikin takardu ne ya yi jinkiri.

Na isa jaririya na da kwana ashirin da shida. Ina ajiye jaka na faɗa mata gaskiya, don ƙaryar ta fi kayana nauyi. Ta kalli hannuna, sannan ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, tana hawaye, tana cewa, "Inna, ƙunshi? Ƙunshi hwa?" Ta yafe mini nan take. Ni ce dai na kasa yafe wa kaina, don cikin kwana arba'in ɗin da take buƙatata, sha huɗu kawai na ba ta.

Yanzu kowace Sallah sai na buɗe akwati na duba kwanan watan fasfo, kuma in na shiga layi bakina a rufe yake. Ƙunshi kam ban daina ba, ƙarya ne in ce na daina. A ƙafa kawai nake yi, don har yau ban ji ƙasar da ke neman zanen ƙafa ba.