Wakilin Ango da Iyafis a Kunne

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren ƙanena Nafi'u ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, mutanen unguwar Gobarau ba za su bar ni ba.

Bari in fara tona wa kaina asiri. Na fi shekara ashirin ina sauraron kiɗan rok, irin mai nauyin nan na Turawa da jita ke ƙara kamar injin markaɗe. Ina sakandare wani kaset ya faɗo hannuna, shi ke nan na kamu. Babu wanda ya sani. A ofis kallon natsattse ake yi mini, mutumin da ko dariya zai yi sai ya duba hagu da dama (matata kaɗai ta taɓa kama ni a falo na rungume tsintsiya ina kaɗawa, ta yi salati ta koma kicin, har yau ba mu tada maganar ba).

Akwai wasu mutum biyar da na fi so a duk masu wannan kiɗa. Sun tsufa, sun shekara suna zagaya duniya suna wasa, suka ce a Japan za su rufe, daga nan kuma sun ajiye har abada. Za a nuna kai tsaye ta intanet. Na lissafa lokaci, na ga yammacin can ya yi daidai da sha ɗaya na safe a Katsina. Na ɗauko katin ɗaurin aure na duba. Asabar, sha ɗaya na safe.

Da ɗan rakiya ne ni, da da sauƙi. To mahaifinmu ya rasu, Baffanmu kuma an yi masa aikin ido, sai wakilcin ango ya faɗo kaina. Aikin ba yawa: in nemi auren, idan an ba ni in ce na karɓa. Waliyyin amarya kuwa Malam Ɗahiru ne, yayan mahaifinta, dattijon da ke karantar da littattafai a zaurensa. Ya daɗe yana bincike a kan gidanmu, Nafi'u har ya rame. An ce abin da ya sa ya amince a ƙarshe shi ne labarin da ya samu cewa yayan yaron mutum ne mai natsuwa. Wato ni.

Dabarata ita ce in saka iyafis marar waya a kunne ɗaya, in yafa hirami ya rufe shi, wayar kuma ta kwanta cikin hannun babbar riga. Na ce wa raina da an fara ɗaurin auren zan cire. Haka muka taso daga Ƙofar Sauri ina ta amsa Allah ya sanya alheri da kunnen hagu.

Aka zaunar da ni kan darduma a ƙofar gida, gwiwata na gogar ta Malam Ɗahiru saboda cinkoso. Muka yi doguwar gaisuwa, ya tambayi jikin Baffa, ya tambayi iyali da aiki. Ana jiran liman na ɗan leƙa cikin hannun riga.

Wallahi ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Fili ne da ido ba ya kai ƙarshensa, an kashe fitilu, kowa ya ɗaga wayarsa tana haske. Ga tsofaffin nan biyar da furfura har kafaɗa. Mai ganga ya buga sau ɗaya, na ji shi a ƙirjina ina zaune a Katsina.

Liman ya iso, aka yi salati, aka buɗe da addu'a. Mai lasifika ya kawo makirfo bakina, na nemi auren lafiya lau, har na yaba wa kaina. A nan ya kamata in cire. Sai na ce bari liman ya gama nasiharsa, ai yana da tsawaitawa.

Daidai lokacin suka ɗauko waƙar da ke farkon kaset ɗin nan nawa. Mawaƙin ya fara, muryarsa ta karye, ya kasa. Ya juya makirfonsa ga jama'a ya tsaya yana kuka. Dubban mutane, waɗanda ko yarensa ba nasu ba ne, suka ɗauki waƙar da murya ɗaya suka rera masa. Na rufe ido. Hawaye suka zubo mini (daga baya na ji wani dattijo ya nuna ni yana cewa dubi yadda nasiha ke ratsa bawan Allah). Sai jita ta shigo, ganga ta biyo ta, hannuna ya sami gwiwa ya fara bugawa.

Gwiwar ba tawa ba ce.

Abin da ya faru a lokacin, sai bayan kwana biyu Nafi'u ya iya ba ni labari. Malam Ɗahiru ya ce ya bayar. Aka jira ni, shiru. Liman ya kira wakilin ango sau biyu, ni kuwa ido a rufe, kai na sama da ƙasa, ina dukan gwiwar waliyyi. Mai lasifika ya zaci muryata ce ba ta fita, ya manna mini makirfo a baki. Abin da ya fita, har mata na cikin gida suka ji, shi ne ni ina kwaikwayon jita da baki, da dukkan zuciyata.

Na farka ne da jin an janye hiramina. Malam Ɗahiru ya sa yatsu biyu ya zare iyafis ɗin, ya juya shi, sannan ya miƙo tafin hannu. Na ba shi wayar. Na hango Nafi'u a bayan mutane ya dafe kai, na tabbata na kashe masa aure.

Tsohon ya kara abin a kunnensa, ya matso da wayar kusa da idonsa. Ya daɗe yana kallo, har liman ya yi gyaran murya.

"Duk waɗanga mutane ne?" ya tambaye ni a hankali.

Na ce mutane ne, Malam.

"Ikon Allah. Duk yawansu babu wanda hankalinshi ya tahi wani wuri. Sun san abin da ya tara su." Ya ɗago ya dube ni. "Mu fa, mi ya tara mu?"

Na ce auren Nafi'u ne, Allah shi gafarta Malam. Ya ce to in dawo daga inda na je a yi shi. Ya jefa wayar da iyafis a aljihunsa, ya maimaita bayarwar tun daga farko, kalma ɗaya bayan ɗaya, yana kallon cikin idona. Na ce na karɓa da wata murya siririya da ban san ina da ita ba. Aka shafa Fatiha.

Sai bayan la'asar ya aiko mini da wayar, an daɗe da tashi a Japan. Ban ga yadda suka yi ban kwana ba. Bidiyon yana nan, amma duk lokacin da na buɗe, fuskar Malam Ɗahiru nake gani, sai in rufe.

Auren yana nan lafiya, har sun haihu. Ni ma ana gayyatata ɗaurin aure, sai dai ba a sake ba ni wakilci ba, kuma kafin in zauna sai wani ya leƙa kunnuwana duka biyu. Abin da na koya shi ne duk inda mutum ya kai gangar jikinsa, ya tafi da kunnensa. Na kuma gane natsuwar da aka shekara ashirin ana yabona da ita, ashe ba a taɓa kawo makirfo kusa da bakina ba ne.