An Shafa wa Gangaren Maman Hadassah Jan Fenti

Ranar Litinin na je unguwar Sauka Kahuta sayen yadi, na dawo da jan fenti a takalmi. Gangaren simintin da ke ƙofar shagon Maman Hadassah na taka, ashe an zana masa alamar rusau, fentin ko bushewa bai yi ba.

Tsakanin titi da shagonta akwai kwata mai faɗi da matakala uku. Shekara da shekaru Mika'ilu, mai gyaran waya da ke yawo a keken guragu, daga bakin titi yake ciniki. A ɗago masa shadda daga nesa, ya zaɓa da ido. Bara Maman Hadassah ta kira magini ya rufe kwatar, ya zuba gangare har cikin shago. Ba ta yi talla a rediyo ba. Mika'ilu ya shiga, ya murza yadi da yatsunsa, ya tafi ya faɗa wa 'yan ƙungiyarsu ta masu keken guragu. Ankon biki biyu suka yi a wurinta. Tsofaffi masu ciwon gwiwa ma suka bi sahu.

Sai manyanmu masu kula da tsarin gari, Allah ya ƙara musu gani, suka hango. Kwatar nan ta shekara biyar a cushe da leda ba ta dame su ba, amma gangaren sun gan shi daga cikin mota. Kwana bakwai suka bayar.

"Malam, ka raka mu ofis," in ji Maman Hadassah. "Sun ce sai mai amfani da shi ya zo da kansa."

Ofishin a hawa na biyu yake. Na tambayi mai gadi ko akwai wata hanya, ya ce akwai: matakalar baya.

Mu huɗu muka ɗauki Mika'ilu da kekensa, ni da mai gadi da wasu 'yan acaɓa biyu.

"Malam, riƙe da kyau," ya ce da ni. "In ka sake ni, mu biyu za mu riƙa neman gangare."

Yallaɓai shugaban ofishin ya karɓe mu da fara'a. A bangonsa akwai hotonsa yana raba wa masu buƙata ta musamman kekuna. Ya saurari Maman Hadassah har ƙarshe, sannan ya juya ga Mika'ilu.

"Bawan Allah, yaya aka yi ka iso nan?"

"Ɗauko ni aka yi, ranka ya daɗe."

"Madalla! Hawa biyu, babu gangare, ga ka nan lafiya lau. To matakala uku ce za ta gagare ka? Mutanenmu akwai taimakon juna. Kada siminti ya ɓata mana tarbiyya."

"Oga, to wa zai ɗauke shi kullum?" in ji ta. "Ni da wannan bayan nawa?"

Ya ce za a kafa kwamiti a duba.

Dole a yaba wa wannan ofishi. Kwamitin bai zauna ba tukuna, amma masu guduma sun zo ranar Alhamis, kwana huɗu kafin wa'adi. Ban taɓa ganin aikin hukuma ya riga lokacinsa ba sai wannan. Ɓaraguzan kuma a cikin kwatar suka bar su.

Yanzu katako biyu masu kauri ta sa kafinta ya haɗa mata. Mika'ilu yakan bugo waya in ya taso, ta shimfiɗa, ya shige, ta ɗage ta jingina a bayan ƙofa. Katako ba gini ba ne, don haka babu sashen da ke kula da shi zuwa yanzu.

Saboda haka ina roƙon mai karatu alfarma. In ka san gidan Yallaɓai, kada ka naɗe masa tsire da wannan shafin.