Ranar da Na Zama Maraƙi a Tanut

Ko tsufa ya kwashe duk abin da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ɗaure ni tamau a harabar biro, wato ofishin dabbobi na Tanut, ba. Ba ɓarayi suka ɗaure ni ba, ba kuma jandarma ba. Ni da bakina na yi ta ba da umarni, wani bawan Allah yana bi, har aka gama aikin tsaf.

A shekarun farko ne bayan mun samu 'yancin kai. Ina ƙaramin ma'aikacin dabbobi a Belbeji, ban daɗe da fitowa daga lakwal, wato makarantar boko, ba, kuma a ganina duk Damargu babu mai kai irin nawa. Rabin aikina allura ne, rabi kuma baki. Manyan likitoci su rubuto abu da Faransanci, ni in mayar da shi maganar da makiyayi zai ji a bakin rijiya ya tafi ya yi aiki da ita: yadda za a kawo shanu rigakafin bushiya, yadda ake wanke miki, yadda ake kayar da maraƙi a ɗaure shi ba tare da an karya masa ƙafa ba.

Irina muna da ɗan dama a yankin, kowa a lungunsa. Akwai malamin noma mai bayanin maganin iri, akwai mai koyar da ginin rijiyar siminti, akwai ungozoma mai horar da matan ƙauye, akwai mai zagawa da akwatin radiyo. Da kaɗaici ya ishe su, sai suka shirya suna haɗuwa a Tanut sau ɗaya a wata, ranar kasuwa, tunda ranar ce ake samun mota. A nan ake aron hotuna da batir, a ji inda ake neman ma'aikaci, a gyara wa juna bayani, a ci tuwo tare. Shugaban zaman shi ne Malam Ari, mai rijiyoyi, daga wajen Olelewa, dattijo mai ƙarancin magana da hannu kamar faranti.

Na ji labarinsu tun tuni, amma ban taɓa zuwa ba (a raina ina cewa me tsofaffi za su koya mini?). Sai da na ji cewa masu shirin radiyo a Damagaram suna neman wanda zai riƙa bayanin dabbobi, kuma babbansu, wani Mushe Lawali (Mushe shi ne Malam a bakin Faransa), zai zo zaman ya zaɓa da kansa. Nan take ƙaunar zumunci ta kama ni.

Tun kafin ranar ta zo, na riga na gaya wa matata ta fara ɗaure kaya, Damagaram za mu koma. Na gaya wa surukina. Na gaya wa mai shayin bakin kasuwa, wanda gaya masa daidai yake da yin shela. Belbeji duka ta san cewa muryata za ta fito daga akwati.

Shiri kuwa na yi shi. Na haddace sunayen 'yan zaman. Na sayi cuku da goro na rabo, don kowa ya tuna da ni. Na ɗinka farar jamfa, na ari agogo. Na tsara wata jimla mai daɗi da Faransanci wadda zan tarbi Mushe Lawali da ita, na yi ta gwada musabaha da ginshiƙin rumfarmu har matata ta tambaye ni ko lafiya. Abu ɗaya ne ban ɗauka da muhimmanci ba. An aiko mini cewa duk sabon zuwa sai ya yi bayani a gaban jama'a, kuma ya zo da abin da zai yi bayani a kansa. Na zaɓi ɗaurin maraƙi, don shi na fi gwanancewa. Amma in shiga bayan mota da maraƙi, da farar jamfata? Sai na zana shi a kwali, da kaho da jela da komai, na ce ai zamani ya zo.

Da hantsi aka zauna a inuwar aduwa, a harabar biron. Na zagaya na raba cuku, ina kiran kowa da sunansa kamar tare muka tashi. Mushe Lawali bai iso ba, an ce motarsa ta kafe a rairayi. Na so a jira shi, Malam Ari ya ce a fara.

Ya karanta mini dokar zaman, gajeriya ce. Mai bayani ba ya nuni da hannu. Mai gwadawa kuma ba ya yin komai sai abin da kunnensa ya ji, ko da ya san daidai. Dalilinsu shi ne ranar da mutum zai yi aikin a daji, kai mai bayani ba ka nan, kuma radiyo ba shi da yatsa. Na gyaɗa kai irin na wanda ya san wannan tun yana goye.

Na miƙe na fara da gabatarwa, wadda ba wanda ya nema. Na ce babbar matsalarmu a Belbeji ita ce makiyaya ba sa jin magana. Mu ba su igiyar sarwis, wato ta gwamnati, sabuwa fil, mu yi musu bayani dalla-dalla, su dawo mana da ita gutsi-gutsi. Sun yanke.

Madam Hajara, ungozomar, ta ɗago kai. "Dukansu suke yankewa, Mushe?"

"Duka, Madam. Fulani da Buzaye da Hausawa, a nan kam bakinsu ɗaya."

Ta dubi Malam Ari, ya dube ta. Ni na ɗauka burge su na yi.

Sai na fito da kwalina. Malam Ari ya karɓa, ya juya gaba, ya juya baya.

"Yaro, wannan maraƙin naka ai ko iska ta kayar da shi. Ina za a ɗaura igiya?"

Aka yi 'yar dariya. Zuciyata ta ce mini ga damar da za ka nuna kai ba mai girman kai ba ne (zuciyata ba ta taɓa ba ni shawarar kirki ba a shekarun nan). Na ce ai ba komai, ni zan zama maraƙin. A lissafina, za a gama kafin baƙo ya iso, in karkaɗe jikina, labari ya kai masa cewa akwai wani saurayi mai himma.

"To madalla," in ji Malam Ari. "Hannunka ma sun huta da nuni."

Na durƙusa a kan tabarma. Ya sa ƙafa ya janye ta.

"Ba ka ce a shimfiɗa wa maraƙi tabarma ba."

Haka na dafa rairayi da farar jamfata na fara. Kuma in faɗi gaskiya, bayanin ya yi kyau. Na ce Malam Ari ya tsaya ta hagun dabba, ya tsaya. Na ce ya zagaya igiya ta ƙirji, ya ratso da ita ta ƙugu, ya ja a hankali har dabbar ta kwanta a gefenta. Sai ga ni a kwance, lafiya lau, ko buguwa ban yi ba. Na ji malamin noma yana cewa, "Kai, yaron nan ya iya." Kaina ya ƙara girma a cikin ƙasa. Na ce a haɗa ƙafafun gaba da na baya wuri ɗaya. Aka haɗa hannuwana da idon sawuna.

"Yanzu ka ƙulla," na ce, muryata har da amo irin na radiyo. "Ka ƙara wani ƙullin bisa na farko. Ka ja iya ƙarfinka, domin maraƙi ba shi da amana."

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jan guga cike da laka daga ƙasan rijiya, shi na ce wa ya ja iya ƙarfinsa. Ya kuwa ja.

"Shi ke nan," na ce da ƙyar. "An gama."

Aka tafa mini. Wallahi an tafa. Na kwanta ina jin daɗi, ina jiran a sake ni. Malam Ari ya koma ya zauna, ya ɓare goron da na ba shi.

"Malam Ari, a kwance ni mana."

"To. Ta yaya?"

Sai a lokacin na tuna. Takardar da na koya daga gare ta a nan ta ƙare, da hoton maraƙi a ɗaure da likita yana murmushi. Ni ma kullum a nan nake ƙarewa, in hau doki in wuce rijiya ta gaba. Ban taɓa tsayawa na ga abin da ke biyo baya ba.

Na ce ya ja bakin igiyar. Ya ce baki biyu ne, wanne? Na ce na sama. Ya ja na sama, gwiwata ta taɓa haɓata. Na ce a'a, ɗayan. Ya ja ɗayan, agogon aro ya nutse cikin fatata. Na ce ya sa farce ya ɓanɓare ƙullin. Ya sa farce, cikin ladabi, ya nuna wa jama'a cewa ƙullin ya zama dutse.

A daidai nan muka ji ƙugin mota.

Kowa ya miƙe yana gyara hula. Na yi ƙasa da murya. "Baba Ari, don girman Allah. Ka rufa mini asiri."

"Ni dai ban ji bayani ba tukuna," ya ce, ya tafi tarbar baƙo.

Daga inda nake, takalma kawai nake gani. Na ga wasu baƙaƙe masu ƙyalli suna bin layi, suna tsayawa gaban kowa, ana gaisawa ana tambayar iyali. Suka matso, suka matso, suka tsaya dab da hancina.

"Wannan fa?"

Madam Hajara ce ta amsa, da muryarta mai sanyi ta lallashin masu naƙuda. "Shi ne mai bayanin dabbobin da ka zo gani, Mushe. Daga Belbeji."

Mushe Lawali mutum ne mai tarbiyya. Ya tsuguna, ya miƙo mini hannu. Musabahar nan da na gwada da ginshiƙi har ya yi santsi! Na motsa yatsuna daga tsakanin sawuna. Ya duba, ya zaɓi ɗan ƙaramin, ya kama ya girgiza. Ni kuma, don Allah ya nufa sai kunyata ta cika, sai na ji bakina yana zubo jimlar Faransancin nan, daga farko har ƙarshe, da rairayi a leɓena, ina shaida masa cewa wannan rana ce mai girma a rayuwata.

Na sa rai zai ce a sake ni. Ashe shi ma tsohon ɗan zaman ne, kuma da shi aka kafa dokar. Aka ba shi kujera, aka ba shi fura. Ya kurɓa ya ce, "Ci gaba, Mushe, muna saurare."

Na ci gaba. Na ce a tura igiya baya ta cikin ƙulli, ta ƙi. Na ce a jiƙa ta da ruwa, aka jiƙa, ta ƙara kamewa, jamfa ta zama kalar kunu. Inuwa ta matsa ta bar ni a rana. Ƙafata ta mutu. Sannan wani cinnaka, wanda ba ya cikin zaman kuma bai san doka ba, ya shiga ta wuyan rigata ya gangara.

Ban san lokacin da na kurma ihu ba. "Ku yanke ta! Ku yanke igiyar nan, don Allah!"

Malam Ari ya zaro wuƙa, domin wannan karon bayanin ya fita sarai. Na miƙe zaune ina sosa. Madam Hajara ta tsince guntayen igiyar ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga su sama.

"Ga wani makiyayin kuma," ta ce, "da ba ya jin magana."

Dariyar da aka yi, har masu jakuna a bakin hanya sai da suka leƙo. Mushe Lawali fura ta sarƙe shi, ana bubbuga masa baya. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Amma ba dariyar ce ta fi ƙona ni ba. Fuskokin mutanen da na yi ta yi wa faɗa a bakin rijiya ne suka dawo mini, dattawa sa'o'in ubana, suna riƙe da guntun igiya suna ba ni haƙuri. Sun yi abin da na ce ne daidai, maraƙinsu yana nishi a ƙasa, ni na riga na yi nisa a kan doki. Na ji kunyarsu fiye da ta mai baƙin takalmi.

Bayan azahar aka zauna aka gyara bayanin tare, kowa yana sa baki, aka mayar da ƙullin ya zama zarge mai jela, wanda ja ɗaya ke warware shi. Malam Ari ya matsa mini wuri kusa da shi a bakin akushi, ya ce wata mai zuwa in zo da wuri.

Aikin radiyo dai ban samu ba, wani aka ɗauka. Labari ya riga ni isa Belbeji a bakin direban mota. Na tarar matata ta kwance kayan da ta ɗaure, ta tambaye ni ko in tana so ta wanke jamfar sai na yi mata bayani. Ba a jima ba kuma, muna zaune da surukina ana sauraron shirin makiyaya, sai ga Mushe Lawali yana koyar da zarge mai jela, yana ba da labarin wani malami da ya ɗaure kansa da bakinsa. Bai faɗi suna ba, Allah ya saka masa. Surukina ya juyo ya dube ni ya ce, "To, ka dai shiga akwatin."

Na je Tanut don a san ni, kuma an san ni. Har na yi ritaya, babu biron da zan shiga daga Damargu zuwa Damagaram a tambaye ni takarda. Da na ce daga Belbeji, sai fuska ta washe, a ce, "A'a, kai ne Maraƙin?" a jawo mini kujera. Cukun da na raba kuwa, ba wanda ya taɓa ambatarsa.

Tun daga ranar, duk abin da zan koya wa mutum, da yadda ake kwancewa nake farawa kafin in zo ga ɗauri. In kuma an ce ka zo da maraƙi, ɗan'uwa, ka zo da maraƙi.