Tambarin Gidanmu a Goshin Hulata

Girma ya zo, abubuwa da yawa sun fara ɓace mini, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaban surukaina da tambarin gidanmu a goshin hulata ba. Ko yanzu da nake rubuta wannan sai da na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A shekarun fari ne. Damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa gero na shirin fitar da kai. Ƙauyenmu yana arewa da Dawakin Tofa, irin wuraren nan da gona take manne da gona, ko akuya za ka ɗaure sai ka taka shukar wani. Na gama kwalejin horon malamai a Bici, an ba ni aji a firamaren garinmu, albashin kuwa kafin ya iso gida tsadar hatsi ta cinye shi. Abin da na mallaka a duniya keke ne, da riga biyu, da son Rabi.

Rabi jikar Malam Babba ce, a wani ƙauye can wajen Rimin Gado. Gidan malamai ne tun kaka da kakanni, kuma irin gidan nan ba sa tambayar me kake da shi sai sun fara jin ko kai ɗan wane ne. A nan gabana yake faɗuwa. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, kakata Iya ce ta raine ni tare da Baffa Sale, ƙanin mahaifin nawa. Mu dai manoma ne, iyakar abin da na sani ke nan, kuma a shekarar ko noman bai ba mu abin nunawa ba. Tsoro nake ji ƙwarai kada a hana ni Rabi.

To, a ɗakin Iya akwai wani ƙarfe a saƙale jikin azara, tsawonsa kamar kamu ɗaya da rabi, mariƙinsa na itace duk ya yi baƙi. A bakinsa an ƙera da'ira, cikinta layi uku sun rabu kamar sawun kaza. Tun ina yaro nake ganinsa ban taɓa kula ba, sai da wani malaminmu a kwaleji ya nuna mana hotunan tambarin manyan gidajen Turawa, ya ce kowane zane a ciki tarihi ne, ya kuma ce sarakunanmu ma suna da hatimi. Tun daga ranar ƙarfen ya hana ni sukuni.

Iya ce na fara tambaya. Na ce, "Iya, mai wannan ƙarfen sarauta ya yi?"

Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Na Baba ne, surukina. Ba sarki ba ne. Mayar da shi inda ka gan shi."

Amsar ba ta yi mini daɗi ba, don haka na yi abin da duk mai neman a yi masa ƙarya yake yi, na nemi wani. Baffa Sale ya karɓi ƙarfen, ya gyara zama. Ya ce kakansa Tanko Barde ne, jarumi, kuma da wannan hatimin yake buga wa wasiƙun yaƙi. Da'irar ganuwa ce, layukan nan uku masu ne. Ya ce Iya mace ce, ba a gaya mata irin wannan. (Allah ya ji ƙan Baffa, mutum ne da in ya fara labari ko shi kansa ba ya sanin inda zai tsaya.)

Kada ku ce ban yi bincike ba, na yi. Na hau keke har birni, na kai ƙarfen wani gidan adana kayan tarihi. Dattijon da na samu ya jujjuya shi ya ce, "Malam, ni dai ban taɓa ganin hatimi irin wannan ba. Hatimi rubutu ake yi masa, kuma ba ya kai wannan girman. Ga alama ma wannan ya sha wuta." Daga duk maganarsa, farkon kawai na ɗauka. Na dawo ina taka keke ina cewa a raina, ka ji, ko masana ba su taɓa ganin irinsa ba. Wutar kuwa na ce ta yaƙi ce.

Daga nan abin ya zama ciwo. Na zana tambarin a ƙofar ɗakina da alli. Na zana shi a bayan kekena da fenti. Duk wasiƙar da zan rubuta wa Rabi sai na shafa wa ƙarfen tawada na danna a ƙasa, har takardar ta huje. Da yake ta iya ɗinkin hula, na roƙe ta ta ɗinka mini ɗaya da tambarin a gaba. Baiwar Allah ta zauna sati uku tana yi, da zare kore da ja. Ranar da ta miƙo mini ta ce, "Ni dai kamar ƙafar kaza nake gani." Na yi mata bayanin ganuwa da masu, cikin haƙurin mai ilimi.

Ranar gaisuwa muka tafi ni da Baffa, muka isa bayan Azahar. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Malam Babba yana kan buzu, tsoho tukuf, idanunsa sun kusa rufewa, sai da hannu yake gane abu. Mahaifin Rabi yana gefensa, da wasu dattawa uku. Kowa ya san a irin wannan zama mai neman aure ba ya magana. Nasa sunkuyar da kai ne, manya su yi bayani. Ni ma haka na fara, har Malam Babba ya ce, "To, Malam Sale, ku mutanen ina ne asali?"

Baffa ya fara kame-kame, wai mu dai manoma ne, mutanen zaman lafiya. Ni kuwa sai na ga yana neman zubar mini da dukiyar da ita kaɗai gare ni. Ban san lokacin da na ɗago kai ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, a yi mini afuwa, mu jikokin Barde ne." Na zaro ƙarfen daga jaka (Baffa bai san na taho da shi ba, na ga lokacin da fuskarsa ta sauya), na tashi a durƙushe na yi jawabi. Na yi ganuwa, na yi masu, na yi wasiƙun yaƙi. Har da cewa an tabbatar a birni.

Malam Babba ya miƙo hannu. Ya shafa mariƙin, ya gangara zuwa bakin ƙarfen, ya bi da'irar da yatsa, ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Sai ya tsaya cak.

"Ikon Allah," ya ce. "Wa ka ce sunan kakan naku?"

"Tanko, Allah gafarta Malam."

"Tanko mai taki! Yaro, ai wannan lambar jakunansa ce. A wuta ake sa ta, a ɗana wa jaki a cinya, don kada su cakuɗe da na wasu a kasuwa. Itace yake kaiwa birni, ya dawo da mangala cike da taki yana sayar wa manoma. Duk ƙasar nan wa bai san jakunan Tanko ba?"

Malam Babba ba ya gani, amma sauran suna gani. Na ga idon mahaifin Rabi ya tashi daga kan ƙarfen a hankali, ya hau goshin hulata, ya zauna a nan. Ɗaya daga cikin dattawan ya kama tari, irin tarin da ba na mura ba. Abin da jakuna suka yi shekaru suna ɗauka a cinya, ni na ɗauko shi a ka, da zare kore da ja, kuma 'yarsu na sa ta ɗinka. Na so in cire hular, na tuna ba a zama gaban manya kai ba hula. Na ce shi ke nan, Rabi ta tafi, kuma ni na kore ta da bakina.

Amma tsohon bai saki ƙarfen ba. Ya ɗora shi a cinya yana shafawa, da ya sake magana muryarsa ta canja.

"Wannan yunwar da kuke kuka da ita, mun ga wadda ta fi ta ina yaro. A gidan nan mun binne ƙannena biyu cikin wata ɗaya. Tanko ya zubar da mangalolinsa, ya kora jakunansa kudu, aka ce ya gudu. Bayan kwana ashirin sai ga shi da dawa. Ya bi gidajen da yake kai wa taki yana saukewa, bai tsaya ko godiya a yi masa ba. Ni a lokacin tsayina daidai cinyar jaki ne. Da na fito ƙofar gida, abin da na fara gani wannan lambar ce." Ya share ido da bakin rawaninsa. "Jinin Tanko ne yake neman Rabi? Da kun faɗa tun da kuka shigo, ai da tuni mun shafa fatiha. Na ba shi. Zancen Barde dai a bar shi a nan zauren."

A hanyar dawowa ba wanda ya hau kekensa, turawa muka yi ta yi. Mun yi nisa kafin Baffa ya ce, "Muna yara, jikan mai taki ake kirana. Har faɗa na sha yi a kai. Da ka zo da ƙarfen nan idonka yana ƙyalli, sai na kasa gaya maka gaskiya." Ban ji haushinsa ba. Tausayinsa na ji, don abin da ya sa shi yin ƙaryar shi ya sa ni karɓarta da hannu biyu.

Iya ta saurari labarin duka, ta yi dariya har da riƙe ciki, daga baya kuma dariyar ta koma hawaye. Ta ce ranar da aka kawo ta gidan amarya, surukin nata da kansa ya share mata ɗaki, kuma har ya rasu bai taɓa cin abinci bai tambaya ko ta ci ba. Na ce, "Iya, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

Ta ce, "Ka tambaye ni ko sarki ne, na ce a'a, ka tashi ka tafi. Da ka zauna ai da ka ji sauran."

An ɗaura aure bayan girbi, girbin da bai cika rumbu ba, amma ya isa a yi tuwon biki. Ɗanmu na fari sunansa na yanka daban, Tanko muke kiransa. Hular tana nan a ƙasan akwatin Rabi, ta ƙi yarda a yar, kuma duk ranar da na fara cika baki a gaban yara sai ta ce a hankali, "Malam, in ɗauko maka hularka?" Nan take nake sauka.

Abin da na koya shi ne, in za ka nemi asalinka, fara da tsohuwar da take cikin gidanku, kuma ka zauna har ta gama magana. Sannan duk tambarin da za ka ɗora a goshi, daure ka fara binciko wanda ya riga ka ɗaukarsa, da kuma a wane gefen jiki.