Ranar Da Na Yabi Ƙodar Babana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara ɗaga hannu a aji ba, don daga ita ban sake ba sai bayan shekara guda.

Muna aji biyu na sakandare a Malumfashi, zamanin Shagari. Ni ce yarinyar da ba ta magana, sai kallo. A ranar Malama Saratu ta zana ƙoda a allo, ta ce aikinta tace jini, kamar yadda ake tace kamu da ƙyalle. Ta tambaya, "Wa zai gaya mini yadda ake gane ƙoda mai aiki?"

Sai na ji hannuna a sama.

"Malama, ta Babana. Da hutu a gonar auduga, kafin azahar sau tara yake zagawa bayan kargo. Har kumfa fitsarin yake yi, kuma tururuwa na taruwa a wurin." (Da alfahari fa na faɗa, har da gyara ɗankwali.)

Aji ya fashe da dariya. Wata daga baya ta ce, "Allah ya ƙara wa Baba yawan tururuwa!"

Malama kaɗai ba ta yi dariya ba. Ranar Asabar sai ga ta a gidanmu a Ƙarfi, ta ce wa Baba lallai ya je asibiti. Baba ya ce, "Malama, wa ya ce ba ni da lafiya?" Ta juyo ta dube ni. Da ƙasa za ta tsage, da na gode mata.

"Uwata," in ji Baba, "na tura ki boko, ashe ni kike karantawa?"

A asibiti likita ya ce ciwon sukari ne. Wannan yawan aikin da na yi wa kirari ba ƙarfi ba ne. Sukarin ne ke tilasta wa ƙodar tace jini fiye da kima, kamar ƙyallen da ake matsa wa kamu da ƙarfi: da farko sauri, daga baya ramuka. Ya ce Allah ya so an zo da wuri.

Aka hana Baba rake da shayi mai sukari. Ya ga auren mu duka, amma bai taɓa yafe mini shayin nan ba. Kullum ya kurɓi salam ɗinsa sai ya ɗaga kofi ya ce, "Ga ladan ilimin 'ya mace."

Ni dai na koyi abu guda: in ka ga abu yana aiki ba hutu, kafin ka yi guɗa, duba ko bulala ce a bayansa. In kuma na mahaifinka ne, faɗa wa malama a kunne.